Kowane Iri Ɗaya Tak

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mu uku ne, 'yan aji ɗaya, kuma abin ya faro ne daga wani gwangwanin madara na kakar ɗayanmu a nan Maraɗi. Mun je gaishe ta ranar babbar salla, ta zazzage gwangwanin a kan tabarma tana neman allura. Sai ga wani tsohon kwabo mai huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida a bayansa. Muka goge shi da toka, sai muka ga rubutun Larabci a ƙasan hujin. Kuɗin Ingilishi, amma da baƙaƙen da muke karantawa kullum a allo! Kaka ta ce marigayi maigidanta ne ya zo da shi daga cin rani a Kano. "Ku ɗauka, jikokina," in ji ta, "yanzu ko goro ba ya saye."

Tun daga ranar muka ƙulla niyyar tara kuɗin ƙarfen da aka kashe a yankinmu daga 1901 zuwa 2000. Sharaɗinmu guda ne: kowane iri ɗaya tak. In mun samu sisi, to gurbin sisi ya cika, ko da na wace shekara ne. Muka nemi kwali, muka yanka gurabu, muka rubuta sunan kowanne da ajami da boko.

Layin sama na wancan gefen iyaka ne. A 1907 Ingilishi suka fara buga masu hujin nan. Anini goma ke yin kwabo, kwabo goma sha biyu ke yin sule. Aninin da muka samu na 1936 ne, mai sunan Sarki Edwad na takwas, wanda ya sauka daga mulki a cikin shekarar. Bayansu muka jera kwabbain da suka zo da naira a 1973. Layin ƙasa kuwa namu ne. An ƙirƙiro sefa a 1945, kuma muna da tamma ta 1948 mai kan barewa, marar nauyi kamar ɓawon gyaɗa. Sai dala ashirin da aka fara bugawa a 1967, da dala goma ta 1972.

Gurbi ɗaya ya hana mu barci: dala hamsin ta 1992, mai ƙarfe kala biyu. Har yau kuɗi ce a hukumance, amma mutane da yawa ba sa son karɓarta, don haka ta yi wuyar gani. Wata rana muka ci karo da ita wajen wani mai tsofaffin kaya a kasuwa. Ya ce sai dala ɗari. Muka haɗa kuɗin karin kumallonmu na kwana biyu, har mun kama hanya, sai ƙaraminmu ya tsaya cak. Ya ce, "Kai, ku tsaya. Ba makon jiya muka karanta riba a Risala ba? Dala ɗari a kan dala hamsin fa?"

Ranmu bai so ba, amma muka koma wajen Malam bayan la'asar.

"Allah gafarta Malam, ya hukuncin wannan ciniki?"

Ya juya kwabonmu mai huji a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ya mutu, ya zama kaya kamar tasa ko zobe, ku saye shi yadda kuka daidaita. Waccan kuwa tana da rai. Sefa da sefa, daidai wa daida, hannu da hannu. Ku yi haƙuri, 'ya'yana." Ya kuma hana mu goge kuɗi da toka, ya ce tana cinye rubutun.

Wata huɗu gurbin na kallonmu. Kullum da dare mukan taya mahaifiyar ɗayanmu ƙirga cinikin waina, muna dube. Ran nan sai ta kira mu tana dariya. Wani baƙo ya miƙo mata dala hamsin ɗin, har za ta mayar masa sai ta tuna da mu. Muka ba ta dala ashirin guda biyu da dala goma, ta ba mu ita nan take, ba ƙari ba ragi.

Yanzu gurabu biyu suka rage a kwalinmu, fataka da tamma biyu. 'Yan'uwa ɗalibai, wanda ya ga ɗayansu a gwangwanin kakarsa, ya nemi izininta tukuna, kada ya goge, ya same mu a ajin ƙarshe. Allah Ya saka wa Malam da iyayenmu da alheri, Ya sa abin da ke hannunmu ya zama halal. Amin.