Tsofaffin Kekuna da Gardamar Hanya: Labarin Samarin Fairfax

Ga labarin wata ƙungiyar samari ta ƙasar Amurka, masu hawan keke bisa duwatsu. Ƙasarsu da nisa take. Amma abin da ya same su, kowane ƙauye ya san irinsa: hanya ɗaya, masu bin ta da yawa, kowa yana ganin shi ya fi cancanta da ita.

Garin da dutsensa

Sunan garin Fairfax. Yana cikin jihar Kaliforniya, arewa da birnin San Faransisko. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 8000 ba. Kusa da shi akwai babban dutse, ana ce mishi Tamalpais, tsawonsa metir 784. Itatuwa sun rufe shi. A jikinsa akwai tafkunan da aka datse, daga nan mutanen yankin suke samun ruwan sha. Da rani ciyawa takan bushe, gobara ta tashi. Don haka hukuma ta fasa hanyoyin ƙasa cikin dajin saboda motocin kashe wuta. Bisa waɗannan hanyoyi ne labarin ya faro.

Da tsohuwar zuma ake magani

Wajen 1973 akwai wata ƙungiyar masu tseren keke a yankin, sunanta Velo Club Tamalpais. Kekunansu na kwalta ne, taya siririya, tsada gare su. In sun taka tsakuwa sai faci. Samarin kuwa kullum idonsu yana kan dutse.

Sai suka tuna da kekunan zamanin iyayensu, na shekarun 1930 da 1940, yawanci ƙirar kamfanin Schwinn. Tayarsu faɗi gare ta, ƙarfensu kauri. Da su yara ke rabon jarida a da. Mutane sun riga sun yasar da su a bola da bayan ɗaki. Wani saurayi cikin ƙungiyar, Joe Breeze, ya sayi nasa dala 5 kacal a 1973. Abokansa Gary Fisher da Charlie Kelly da Otis Guy su ma suka nemo nasu. Suka kwance duk ƙarfen da ba shi da amfani, suka bar gangar jiki da taya da sirdi.

Keken ya wuce kilo 20, gudunsa kuma iri ɗaya ne. Wajen hawa sai turawa, ko a loda kekunan bayan mota. A watan Disamba 1974 waɗansu samari daga garin Cupertino suka zo tsere da tsofaffin kekuna masu abin sauya gudu, wanda ke ɗauke sarƙa daga ƙaramin haƙori zuwa babba. Mutanen Fairfax suka gani da idonsu. Ba a daɗe ba su ma suka ɗaura ma nasu, suka ƙara da hannun birki irin na babur. Daga nan keke ya iya hawan dutse da mutum bisa kansa.

Ranar tsere

Inda samari suka taru, gardama ba ta ƙarewa. Kowa yana cewa shi ya fi sauri wajen gangara. Ran 21 ga Oktoba 1976 suka ce a daina cika baki, agogo ya yi alƙalanci.

Suka zaɓi wata gangara yamma da gari. Tsawonta wajen kilometir 3, amma tana sauka metir 400. Duk tsakuwa ce da ramuka da kwana. Suka daidaita agogo biyu, ɗaya a bisa, ɗaya a ƙasa. Mutum ɗaya ɗaya ke tashi, tsakaninsu minti 2, don kada su yi karo. Gwanaye ne ke tashi daga ƙarshe. A ranar farko Alan Bonds ya ci, don shi kaɗai ne bai faɗi ba.

Birkin tsohon keke yana cikin cibiyar tayar baya, sai an taka feda baya yake kamawa. Kafin a kai ƙasa, zafi ya ƙone giris ɗin ciki, hayaƙi yana bin mahayi. Dole a buɗe cibiyar a sake cusa giris kafin a koma. Shi ya sa suka raɗa ma gangarar suna Repack, ma'anarsa da Turanci sake cusawa.

Ba a biyan kuɗin shiga. Ba a shela, sai aboki ya gaya ma aboki, don ba su da iznin hukuma. Kayan jikinsu wandon aiki ne da takalmin aiki da safar hannu ta fata. Charlie Kelly shi ke riƙe da littafi. Kowane tsere yakan rubuta kwanan wata da sunan kowa da mintocin da ya yi. Har karnukan da suka bi iyayen gijinsu da gudu sai da aka rubuta nasu lokacin. Littafin ya nuna Gary Fisher ya fi kowa sauri, minti 4 da sakan 22, wato gudun da ya kai kilometir 40 a awa bisa tsakuwa. Joe Breeze kuwa ya fi kowa yawan nasara, ya ci 10 cikin tsere 24.

Akwai mace cikinsu, Wende Cragg. Tana hawa tare da su, tana ɗauke da abin ɗaukar hoto. Albarkacin hotunanta da littafin Kelly ne duniya ta san abin da ya faru a wannan gangara ba tare da musu ba.

Daga gyara zuwa ƙira

Tsohon ƙarfe yana da iyaka. Gangar jikin kekunan ta dinga tsagewa, tsofaffin kuma suka yi wuyar samu. Joe Breeze ya iya walda. A 1977 ya zauna ya auna tsohon keke, ya ƙera sabo da bututun ƙarfe mai ƙarfi marar nauyi. Keken ya zo wajen kilo 17. Ya hau shi a Repack, ya ci. Kafin tsakiyar 1978 ya ƙera guda 10. Na farkon yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washinton.

A 1979 wani gwanin walda, Tom Ritchey, ya shiga ƙira, Fisher da Kelly suna haɗawa suna sayarwa. A 1980 Kelly da Denise Caramagno suka fara buga wata ƴar jarida don masu wannan hawa. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da irin keken da yawa, aka kai kantuna. A 1996 tseren keken dutse ya shiga wasannin Olamfik a birnin Atlanta. Shekara 20 ke nan tsakanin gardamar samari da filin duniya.

Hanya ta yi kaɗan

Yawa yana zuwa da nasa ciwon. A 1979 ƴan telebijin suka zo ɗaukar tseren Repack. Wani mahayi ya faɗi ya ji rauni, magana ta kai ga shari'a. Tseren ya tsaya. An sake yin sa sau biyu, a 1983 da 1984, daga nan aka bari.

Dutsen kuwa ya cika da kekuna. Amma tun kafin keke ya zo akwai masu bin hanyoyin: tsofaffi masu tafiya ƙasa, iyaye da yaransu, da masu dawaki. Keke ba shi da ƙara. Sai mutum ya ga abu ya wuce shi kamar kibiya. Doki ya firgita, ya nemi kayar da mai shi. Masu kula da tafkuna su ma suka ce taya tana ƙwaƙule ƙasa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa ruwan sha. Koke ya yi yawa gaban hukuma.

Hukuma ta amsa da hani. A 1984 ma'aikatar gandun daji ta Amurka ta hana keke shiga dazuzzukan da aka keɓe. A dutsen Tamalpais aka rufe ma kekuna yawancin ƙananan hanyoyi, aka bar musu manyan hanyoyin motocin kashe wuta. Aka sa iyakar gudu, kilometir 24 a awa. Masu gadin daji suka tsaya da na'urar auna gudu, suna cin tara. A wurin da aka haifi keken dutse, a nan aka fi tsananta mishi.

Mahayan suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a shiga daji a ɓoye a fasa sabuwar hanya. An yi hakan. A 2001 aka kama mutum uku, kotu ta ci su tara mai nauyi, sunan sauran mahaya ya ƙara ɓaci. Waɗansu kuwa suka ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sharuɗɗa shida

A 1988 ƙungiyoyi biyar na Kaliforniya suka haɗu, har da ta yankin Fairfax. Suka kafa babbar ƙungiya mai suna IMBA. Abin da suka fara yi shi ne ɗaure kansu da sharuɗɗa. Ga ma'anarsu:

1. A bi hanyar da aka yarda a bi kaɗai. Gonar wani ko filin wani, sai da izni.
2. Kada a bar ɓarna a baya. In ƙasa ta jiƙe a haƙura, don taya tana barin rami.
3. Mahayi ya mallaki kekensa, ya yi gudun da zai iya tsayawa.
4. A ba mai tafiya ƙasa da mai doki hanya. A yi sallama tun daga nesa. Mai gangara ya kauce ma mai hawa.
5. Kada a firgita dabba. In an tarar da ƙofar shinge a rufe, a rufe ta bayan an wuce.
6. A shirya kafin a fita: ruwa, kayan faci, hular kare kai.

Makiyayin da ya taɓa kwana yana neman shanun da wani ya tarwatsa ya san darajar sharaɗi na biyar.

Gayyar gyaran hanya

Sharaɗi a takarda ba ya cika rami. Don haka ƙungiyoyin suka ɗauki gayya. Ranar hutu sukan fito da shebur da diga da manjagara, ba a biyan kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin aikin suka gane cewa babban abokin gabar hanya ruwa ne. Hanyar da ta miƙe daga bisa zuwa ƙasa, ruwa yakan bi ta, ya mai da ita kwazazzabo. Sai suka koyi kewaya dutse a kaikaice, hawan kada ya wuce metir 10 cikin kowane metir 100 in an haɗa lissafi. Sukan ɗan karkata hanyar zuwa gefen gangara, don ruwa ya tsallake ta maimakon ya bi ta. Lokaci lokaci sukan sa hanyar ta ɗan sauka ta ɗan hau, don ruwa ya samu mafita kafin ya yi ƙarfi. Manomin da ya jera duwatsu a gonar tudu don tsare ƙasarsa zai gane wannan dabara tun kafin a gama faɗa.

A shekarun 1990 aikin ya yi ƴaƴa. Ƙungiyar ƴan sikawut tana da fili kusa da Fairfax, ana ce mishi Tamarancho. Aka yi yarjejeniya. Mahaya suka fasa hanya ta fiye da kilometir 10 da hannunsu. Mai son hawa ya sayi takardar izni, kuɗin ya shiga asusun masu fili. Mai fili ya samu, mahayi ya samu.

Yara da baƙi

Ƙungiya ba ta daɗewa in ba yara a bayanta. A 1988 wata mata, Marilyn Price, ta kafa ƙungiyar da ke ɗauko ƴaƴan talakawa daga cikin birni, ta ba su aron keke, ta kai su dutse. Daga baya ta buɗe shagon tsofaffin kekuna, inda yaro ke koyon gyara har ya samu keken kansa da guminsa.

Akwai kuma hawan shekara shekara da aka fara a 1975, ranar bikin godiya na Amurkawa cikin watan Nuwamba. Mutane kaɗan suka fara shi, ya kai ga ɗaruruwa. Ba tsere ba ne, a kewaya dutse ne tare, a dawo da yunwa a ci abincin biki. A 2015 aka buɗe gidan tarihin keke a Fairfax, tsofaffin mahayan ne suka tsaya har ya tabbata.

Ƙirar ta iso Afirka ma. Tom Ritchey ya je Ruwanda a 2005, ƙasar tuddai. Ya ƙera ma manoman kofi keke mai doguwar baya, don buhu ya isa wurin wanki da wuri kafin ƴaƴan su lalace. A tseren da aka shirya can a 2006 wani saurayi, Adrien Niyonshuti, ya ci. A 2012 shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Olamfik na Landan.

Gardama ba ta mutu ba

Kada mai karatu ya zaci komi ya daidaita. A 2024 hukumar ruwa ta yarda a gwada buɗe ma kekuna waɗansu ƙananan hanyoyi a Tamalpais. Ƙungiyoyin kare tsirrai da tsuntsaye suka kai ƙara, alƙali ya dakatar da gwajin a wannan shekara. Su ma suna da hujjarsu: dutsen gidan dabbobi ne, kuma tulun ruwan jama'a.

Shekara wajen 50 ke nan ana jan wannan magana. Abin da mahayan Fairfax suka samu a hannu, ta hanya uku ya zo: sun rubuta sharaɗi sun bi, sun zauna da masu fili an yi magana, sun fito da shebur ranar gayya. Waɗanda suka fasa hanya a ɓoye kuwa, tara suka biya, hanyar tasu ma aka rufe ta. Wanda ke son a bar mishi hanya, sai a fara ganinsa wurin gyaranta.