Bencin Ƙofar Ɗakin Gaggawa

A ƙofar ɗakin gaggawa na wani asibiti a yankinmu akwai benci ɗaya ƙarƙashin dogonyaro. Nan direbobin motar asibiti suke zaman jiran kira, nan mai shayi yake kawo musu, nan masu tura gadon marasa lafiya suke miƙe ƙafa idan aiki ya lafa. Wani yayana, mutumin Birnin Tudu, ya yi shekaru yana zama a ƙarshen bencin ta gabas. Ba wanda ya yanka masa wurin, amma in ya tashi ba mai zama.

Bara ya ajiye aikin gwamnati ya koma tuƙa motar wata ƙungiyar agaji. Ina asibitin wajen jinyar gwaggona ranar da ya kawo wata mai naƙuda, sanye da 'yar rigar nan marar hannu mai tambarin ƙungiya. Da aka shiga da ita ya zo ya yi sallama. Aka amsa, har da "lahiya lau", amma ba wanda ya gusa. Ya sha shayinsa a tsaye, jingine da motarsa.

Wanda ya sauya wurin aiki a Kano yana iya shekara bai haɗu da waɗanda ya bari ba. Tsakanin Bakura da Maradun da Talata Mafara kuwa ƙofofin asibiti ƙidayayyu ne. Ko tambarin wa ke jikin motarka, can dai za ka sauke marar lafiya, in abin ya fi ƙarfinsu a ce ka wuce Gusau, Asibitin Tarayya ko na Yariman Bakura, ko ka miƙe Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Mutumin da ka yi wa bankwana da safe, shi zai riƙe maka ƙafar gado da daddare.

"Ɗan ƙungiya" mutanen bencin suke ce masa yanzu. Ban ga laifinsu duka ba. Motarsa kullum da mai, tayoyinta sababbi, wayarsa da kati. Su kuwa sau da yawa sai dangin marar lafiya sun haɗa kuɗin mai kafin a tada mota, kuma direba ne ke shan kallon dangin, ba wanda ya hana kuɗin ba. Abin da ba su gani shi ne takardar da ke aljihunsa, ta kwangilar wata shida. Su suna da fansho a gaba. Shi in wata na biyar ya kama, barcinsa raguwa yake. Tun 2010, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, mutanen Zamfara suka saba ganin fararen motocin agaji, suka kuma san cewa aikin ƙungiya da wa'adinsa yake zuwa.

Kishin sana'a ba a bencin nan ya fara ba. Likitoci da sauran ma'aikatan lafiya a Najeriya ma'aunin albashinsu daban ne, CONMESS da CONHESS, kuma a kan irin wannan bambanci ƙungiyar JOHESU ta sauran ma'aikatan lafiya ta yi yajin aiki na makonni a 2018, ƙungiyar likitoci ta NMA tana adawa da buƙatarsu. Direba yana can ƙasan jerin. Ƙasa da shi ma akwai direbobin tasha na NURTW da aka horar a kan ɗaukar mata masu naƙuda zamanin shirin PRRINN-MNCH, waɗanda ba su da albashi, in sun sauke mace sai su juya.

Abin da ya dame ni a tsayuwar yayana ba shayin ba ne. Bencin nan gidan labarin hanya ne. A kansa ake jin wace hanya ce ta Maradun ba a bi bayan la'asar, wane ƙauye aka tashi jiya, ina ruwa ya cinye kwalbati. A Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara, baki da baki aka dinga sanin haka. Direban da aka ƙi gusa wa, ba wurin zama kaɗai ya rasa ba. Sannan akwai minti ɗayan nan na miƙa marar lafiya, lokacin da direba zai ce, "Sista, tun azahar jinin ya ɓalle, ta yi jijjiga sau biyu a hanya." In Sista tana jin haushinsa, rabin kunne za ta ba shi, kuma matar da ke kwance ce za ta biya.

Bai kai ƙara wurin kowa ba. Ran Talata da ba ya aiki, ya biya kasuwar Mafara ya sayi goro, ya zo cikin kaftaninsa. Ya durƙusa gaban dattijon direbobin ya ce, "Baba, na tahi ban yi muku sallama yadda ta kamata ba. A gahirce ni." Dattijon ya karɓi goron ya raba, bai ce komai ba. Bayan kwanaki batirin motar asibiti ya mutu da tsakar dare, ga yaro da maciji ya sara. Yayana ya jawo tasa ya haɗa waya, motar ta tashi.

Zuwana na ƙarshe na same shi a kan bencin, a tsakiya, don wurinsa na gabas wani saurayi sabon ɗauka ya riga ya gaje shi. Rigar ƙungiya tana ninke a kan gwiwarsa. Har yanzu akwai mutum ɗaya da ba ya kallonsa in ya yi magana. Wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe yana zura rigar, dattijon ya ɗaga murya ya ce, "Kada ka bi ta gulbi, ka zagaya ta kwalta."