Madubi Mai Nauyi, Mazauni Mai Rauni

Mu da muke raba dare a waje muna ɗaukar hoton taurari don sha'awa kawai, akwai wani kwaɗayi da ya zame mana jiki, wato son babban madubin hangen nesa. Hujjarmu kuwa karɓaɓɓiya ce, domin gwargwadon faɗin madubi gwargwadon hasken da yake tarawa, ta yadda mai faɗin inci 8 kan tara ninki huɗu na abin da mai inci 4 zai tara. Sai dai madubi ba ya tsayuwa a iska. Tilas ya hau bisa mazauni, a nan kuwa gizo ke saƙar.

Ya kamata mai karatu ya san cewa mazaunin nan ya wuce turke kurum. Duniya tana kammala juyi ɗaya cikin awa 23 da minti 56, saboda haka muke ganin taurari suna gusawa yamma da kimanin digiri 15 kowace awa. Aikin mazauni shi ne ya riƙa juya madubi daidai da wannan tafiya, da taimakon ƙaramin inji da haƙoran ƙarfe, bayan an saita sandar juyawarsa ga tauraron arewa. Ko wannan saiti ma jan aiki ne gare mu, domin a gari irin Ibadan tauraron bai ɗaga daga doron ƙasa fiye da digiri 7 da 'yan kai ba, sau da yawa bishiyoyi ko hazo sun rufe shi.

Idan da ido mutum yake leƙawa, rawar madubi ba ta dame shi ba, yana iya jira ta lafa. Kyamara kuwa ba ta da wannan afuwa. Takan kasance a buɗe na tsawon mintoci tana tara haske, duk wata girgiza kuma sai ta rubuta ta. Da zarar kaya sun fi ƙarfin mazauni, haƙoransa kan riƙa ja da ƙyar, ƙafafunsa su yi ta karkarwa, iska kaɗan ta kaɗa dogon bututun madubin. Tauraron da ya kamata ya fito ɗigo sai ya fito kamar ƙwayar shinkafa. Wannan ne ya sa masu wannan harka suke gargaɗin kada a ɗora wa mazauni fiye da rabi zuwa kashi biyu bisa uku na nauyin da maƙeransa suka rubuta, kuma a lissafa har da kyamara da wayoyi.

Tarihi ma ya goyi bayan mazauni. A shekarar 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya ɗauki hoton farko na gajimaren taurari na Orion, kuma sai da injin da ke jan madubinsa ya bi sararin sama minti 51 kafin hoton ya samu. Inda injin ya yi tuntuɓe a hanya, da girman madubin bai tsinana masa komai ba.

To, mu da muka riga muka ɗora wa jaki kayan raƙumi, yaya muke yi? Mukan daidaita ƙarafan nauyi har madubi ya tsaya a duk inda aka sake shi, sa'an nan mu ɗan rinjayar da ɓangaren gabas don haƙoran su zauna a manne. Mukan kafa kariya daga iska. Mukan taƙaita kowane hoto zuwa daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka, mu ɗauki ɗaruruwa, mu zubar da gurɓatattu, mu haɗe sauran a kwamfuta. Dabaru ne na rage asara, amma ba sa ƙara wa ƙarfe ƙarfi.

Abin da yake sosa mana rai shi ne, hasken Kaza da 'Ya'yanta yakan yi tafiyar fiye da shekara 400 kafin ya iso farfajiyar gidanmu, sai a taƙin ƙarshe ya watse saboda ƙusa guda ta yi sanyi. Shi ya sa idan sabon shiga ya zo mana da kuɗinsa yana tambayar wane madubi zai saya, mukan ce masa ya fara tayin mazauni, abin da ya rage ya sayi madubi daidai da shi. Hausawa dai sun ce daidai ruwa, daidai tsaki.