Gaɓa ɗaya, ofis uku

Jama'a, ina koyar da ɗaliban kiwon lafiyar al'umma, kuma duk shekara sai mun zo kan darasin da ake kira "lafiya ɗaya", wato a haɗa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli a duba su tare. Najeriya ta ƙaddamar da tsarinta na wannan a Disambar 2019, ma'aikatun lafiya da noma da muhalli duk da hannunsu a ciki. A takarda abin ya yi kyau. Damuwata ita ce yaranmu sukan haddace ma'anar, su ci jarrabawa, su fita aiki ba su taɓa zama da malamin dabbobi ko na minti goma ba.

Mu kuwa mutanen bakin ruwa ba sai an kawo mana misali daga Turai ba. Tun da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya kwanta, katantanwa ta samu gida. Yaron da ke wanka a gaɓar Wara ko Yelwa ya tashi yana fitsarin jini, tsargiya ce, kuma ta jikin katantanwa take biyowa. Saniyar da ta yi kiwon rani a wannan fadamar, in an yanka ta aka ga hanta cike da tsutsa, ita ma wata katantanwar ce ta raino mata cutar. Amma yaro asibiti za a ba shi ƙwaya, gobe ya koma ruwan. Hanta kuma mahauci ya yanke ya jefar (in ma ya jefar ke nan). Duba-gari bai da labarin ko ɗaya. Kowa ya yi aikinsa fa, wallahi, cutar dai tana nan.

Haka masu zuba gamalin a ruwa don kama kifi. Kifin ya shiga kasuwa, shanu su sha ruwan, mata su ɗiba su yi girki. Wane ofis ne ke da wannan magana?

Abin da ya fi tayar mini da hankali zinare ne. A Zamfara a 2010, gubar dalma daga dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Kafin yaran, agwagi ne suka fara mutuwa a ƙauyukan. Mutane sun gani, ba wanda ya ɗauka labari ne da ya shafi asibiti. A 2015 aka sake yi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabtanmu. Mu ma ana haƙar zinare a wajen Birnin Yauri. In agwagi suka fara faɗuwa a wata tunga yau, wa mai su zai faɗa wa?

Wannan tambayar nake aika ɗalibaina da ita yanzu. Su je wurin Sarkin Ruwa, da Sarkin Fawa, da Arɗo, su zauna a ƙasa su saurara, don waɗannan su ne ke fara ganin alama. Sukan dawo da labari mai yawa, sai dai ba inda ake rubuta shi.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga: sau ɗaya a wata a zaunar da jami'in lafiya da malamin dabbobi da duba-gari a ɗaki guda, a gayyato sarakunan sana'a, a kuma bar mana ɗalibai su zauna a baya da littattafansu.