Daren da arha ta kusa cutar da ni a kan dutsen Ifran

A watan Janairu na 2019 na ɗauki hutuna na shekara, na raka mahaifina, tsohon ɗan kasuwar Maraɗi, ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas na ƙasar Maroko. Da muka cika abin da ya kai mu, sauran kwana uku jirginmu ya tashi, sai na kawo shawarar mu hau dutse mu huta a Ifran, garin da nake jin labarinsa tun ina ɗalibi. Alhaji ya ce: "Kai ka yi boko, kai ne ja-gaba." Ya danƙa mini amana ke nan, kuma saura kaɗan in kasa riƙe ta.

Ifran na bisa duwatsun Atlas, kimanin kilomita 60 kudu da Fas, a tsayin mita 1.665. Faransawa ne suka gina shi a 1929 domin ma'aikatansu su riƙa tsere wa zafin bazara, shi ya sa rufin gidajen yake da tsini irin na Turai, don dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. A nan ne aka auna sanyin da ya kai kusan digiri 24 ƙasa da sifili a watan Fabrairu na 1935. Duk wannan na karanta shi, amma ɗan Sahel da bai san wani sanyi ba sai na hunturu, lissafi ne kawai a wurinsa.

Kuskurena na farko wajen masauki ne. Tun daga bakin gari za ka ga samari a gefen hanya suna kaɗa makullai, alamar suna da gidajen haya masu kayan ɗaki. Aka nuna mana biyu. Na farko ƙarami ne, amma yana da na'urar ɗumama ɗaki da ruwan zafi. Na biyu yalwatacce, da darduma da kujeru na alfarma, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Na auna dirhami da sefa, na zaɓi na biyu ina jin kaina gwanin ciniki.

Da rana ta faɗi, sanyi ya fito daga bango da ƙasa. Ruwan alwalar isha'i ya sa yatsun Alhaji suka sandare, can cikin dare kuma tari ya sarƙe shi. Ya ce: "Ɗan nan, nemo mana kasko da gawayi, mu yi yadda muke yi a gida." Na sauka na tayar da maigadi. Dattijon ya ƙi, ya ce gawayi a ɗakin da aka rufe ruf yana fitar da iska marar wari wadda ke kashe mutum cikin barci, kuma duk damunar sanyi ana rasa rayuka ta haka a ƙasarsu. Ya ba mu barguna biyu nasa da butar shayi. Na kwana zaune ina sauraren numfashin mahaifina, ina tunanin abin da zan faɗa wa ƴan uwana idan wani abu ya same shi. Gari na wayewa muka koma ƙaramin gidan, na biya ba tare da tayi ba.

Abinci ne ya maido mana da rai. Mutanen dutse sun san abin da ke ɗumama ciki. Da safe akwai bisara, wato faten wake da man zaitun, ana ci da burodi mai zafi. Da maraice akwai harira, miyar tumatir da wake iri-iri da ɗan nama. Tajin kuwa nama ne da kayan lambu da ake dafawa sannu a hankali cikin kaskon yumɓu mai dogon murfi. Amma cikin dattijo ba ya barin saba. Abin da ya fi yi wa Alhaji amfani shi ne garin gero da tsamiya da yajin da mahaifiyata ta cusa cikin jakarsa ina yi mata dariya. Tun da gidan na da madafa, kullum da asuba nakan dama masa kunu. Wannan ita ce fa'idar gidan haya bisa otel ga mai tafiya da tsoho.

Game da kaya, mun tafi da manyan riguna na shadda har kala huɗu, ba mu da safa ko ɗaya. Shadda ado ce, ba ta tare sanyi. Abin da ake buƙata shi ne tufafi hawa-hawa: rigar ciki mai kama jiki, suwaita a kai, sannan jallabiyar ulu mai hula wadda ake samu a kasuwar Fas. A haɗa da safar ƙafa da ta hannu, da rufaffen takalmi, da huffi ga mai son shafa a alwala, da man kaɗe don tsagewar fata. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya riƙe shi a jakar hannu.

Ranar ƙarshe muka je dajin itatuwan sidar na kusa da Azru, inda birai ke karɓar gyaɗa daga hannun baƙi. Alhaji ya duƙa ya damƙi ƙanƙara karo na farko a rayuwarsa, ya daɗe yana tasbihi. Sannan ya dube ni ya ce: "Shekara arba'in ina ciniki, ban taɓa tambayar kuɗin kaya ba kafin in san abin da ke cikin buhu."

Saboda haka, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi niyyar hutu bisa dutse, kafin ya tambayi kuɗin ɗaki ya fara tambayar abu biyu: da me ake ɗumama shi, kuma akwai ruwan zafi? Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.