Ranar Da Ta Tsaya Wa Joshuwa Da Shari'ar Galileo

Duk addinin da ya ke da littafi, ba a raba malamansa da gardama a kan abu guda: shin kalmar da ta zo cikin nassi a kan zahirinta za a ɗauke ta, ko kuwa misali a ke bugawa da ita? Mai karatu da ya saba zama wurin tafsiri ya san zahiri da majazi da tawili. To, Kiristoci 'yan ɗariƙar Katolika su ma sun daɗe suna fama da wannan tambaya game da Littafi Mai Tsarki, kuma babu inda ta fi yin zafi kamar a shari'ar Galileo, masanin taurarin nan na ƙasar Italiya.

Tushen maganar yana cikin Littafin Joshuwa, sura ta 10. An ba da labari cewa Isra'ilawa suna cikin yaƙi a Gibeyon, Joshuwa ya nemi rana ta tsaya, ta kuwa tsaya har su ka gama da abokan gabansu. Wanda ya karanta wannan a kan zahiri zai ce ai ba a tsai da abin da ba ya tafiya, ashe ke nan rana ce ke zagaya duniya. Haka kusan kowa ya ɗauka, malami da jahili, har shekarar 1543 da littafin Kofanikus ya fito yana cewa duniya ce ke zagaya rana. A 1610 Galileo ya duba sama da madubin hangen nesa, ya ga watanni huɗu suna kewaya tauraron Mushtari, ya ƙara sakankancewa cewa Kofanikus ne ke da gaskiya.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, Ikilisiya ba ta rasa ƙa'idar warware irin wannan matsala ba. Tana da ita tun da daɗewa, kuma daga Afirka ta samo ta. A ƙarni na 3 wani malami na birnin Iskandariya a Masar, Orijin, ya duba labarin halitta cikin Littafin Farawa, ya tambaya yadda za a yi a sami safiya da maraice cikin kwana uku na farko alhali kuwa sai a kwana na huɗu a ka halicci rana. A ganinsa wannan alama ce da ke nuna akwai ma'ana bayan lafazin. Bayansa sai Agustin, bishop na garin Hippo, watau Annaba ta ƙasar Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekarar 430. Shi ya rubuta littafi guda a kan ma'anar zahiri ta Farawa, amma duk da haka bai yarda cewa kwanakin nan shida irin kwanakin da a ka sani ne ba. Ya kuma yi gargaɗi mai nauyi: akan sami wanda ba Kirista ba ya san al'amuran sama da ƙasa ta hanyar hankali da gwaji, idan kuwa ya ji Kirista yana shirme a kan su yana jingina wa nassi, to, zai raina littafin gaba ɗaya, har da abin da ya faɗa game da tashin matattu.

Malaman da su ka biyo baya sun tsara cewa nassi yana iya ɗaukar ma'ana huɗu. Misalin da su kan bayar shi ne Urushalima: birni ce ta Yahudawa a tarihi, alama ce ta Ikilisiya, alama ce ta ran mai bi, kuma alama ce ta birnin sama. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya sa wa wannan linzami, ya ce dukkan ma'anonin a kan ta zahiri su ke tsaye, kuma daga ita kaɗai a ke kafa hujja.

To, me ya hana a yi wa ayar Joshuwa abin da Agustin ya yi wa kwanakin halitta? Galileo kansa ya nemi haka cikin doguwar wasiƙar da ya rubuta wa gimbiya Kristina a 1615, ya kuma cika ta da maganganun Agustin. Amsar tana cikin halin da zamanin ya ke ciki. Tun 1517 Martin Luta ya ɓalle, Turai ta rabu biyu. A birnin Zurik, Zwingli ya yi tawilin maganar da Yesu ya yi a kan gurasa a jibin ƙarshe, ya ce gurasar alama ce kawai ta jikinsa. Katolika kuwa, waɗanda ba su ƙi tawili a kan kwanakin halitta ba, a nan su ka dage a kan zahiri, Majalisar Tirent ta tabbatar a 1551 cewa gurasar tana zama jikin Almasihu ne haƙiƙatan. Tun a 1546 majalisar ta riga ta hana kowa ya fassara nassi, a kan al'amuran imani da ɗabi'a, saɓanin fahimtar Ikilisiya da ijma'in magabata. Cikin irin wannan hali, ga wani wanda ba limami ba, ba malamin tauhidi ba, yana koya wa Roma yadda a ke karanta Joshuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Adalci ne kuma a faɗi cewa Galileo ba shi da cikakkiyar hujja a lokacin. Babban dalilin da ya dogara da shi, watau cika da janyewar teku, kuskure ne. Kadinal Bellarmino ya rubuta a 1615 cewa in da za a kawo tabbatacciyar hujja, da sai a ce ba a fahimci ayoyin ba ne, maimakon a ƙaryata abin da ya tabbata. Wannan magana ce ta mai hankali. Sai dai rashin hujja dalili ne na dakatawa, su kuwa hukunci su ka yanke. A 1616 a ka ayyana ra'ayin Kofanikus a matsayin wanda ya saɓa wa nassi. A 1632 Galileo ya buga littafinsa na muhawara, ran 22 ga watan Yuni na 1633 kuwa a ka sa shi ya durƙusa ya janye, yana tsoho mai shekara kusan saba'in. Ya ƙare rayuwarsa a tsare cikin gidansa kusa da birnin Fulorans, ya makance, ya rasu a 1642.

Gyara ya zo, amma da tafiyar hawainiya. Sai a 1835 sunan littafinsa ya fita daga jerin haramtattun littattafai. A 1943 Paparoma Pius na 12 ya umurci masu nazarin nassi su riƙa bincika irin salon da marubucin ya yi amfani da shi, ko tarihi ne, ko waƙa, ko shari'a, domin mutanen Gabas na dā ba kamar Turawan yau su ke ba da labari ba. Majalisar Batikan ta biyu ta ƙarfafa wannan a 1965. Da haka ma'anar zahiri ta zama abin da marubucin ya yi nufin faɗa, ko da kuwa da misali ya faɗe shi. Ran 31 ga watan Oktoba na 1992 Paparoma John Paul na biyu ya amsa a fili cewa a kan fassarar nassi Galileo ya fi malaman da su ka yi jayayya da shi hangen nesa.

Akwai kuma wani hatsari ta ɗaya ɓangaren, wanda ba a cika ambatonsa ba, watau a ɗauko sabon binciken kimiyya a ce ga abin da aya ta ke nufi tun asali. Limamin Katolika ne ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya yana faɗaɗa, a 1931 kuma ya kawo ra'ayin cewa daga ɗigo guda ya faro. A 1951 Pius na 12 ya yi jawabi yana danganta wannan da halittar haske cikin Farawa. Lemaître bai ji daɗi ba, domin ya san ra'ayin kimiyya yana iya rushewa gobe, duk ayar da a ka ɗaura masa kuwa tare za su faɗi a idon mutane. Da Paparoman ya yi wa taron masana taurari na duniya jawabi a 1952, bai sake maimaita maganar ba. A 1960 a ka naɗa Lemaître shugaban majalisar masana kimiyya ta fadar Paparoma, ya riƙe muƙamin har rasuwarsa a 1966.