Ranar da Ƙ Ta Koma Ƙarshen Layi

Bara, a nan Sakkwato, ina jera sunayen unguwanni don wani rahoto sai na ga Ƙofar Atiku da Ƙofar Rini sun gangara can ƙasa, bayan harafin Z. Ashe manhajar ba ta san ƙ maƙwabciyar k ce ba. Lambarta kawai take gani.

Wani matashi mai rubuta manhaja ne ya nuna mini ICU, rumbun shiryayyun umarnin kwamfuta da IBM ya buɗe wa kowa a 1999, inda masu aiki da Java da C++ ke ɗiba maimakon su fara daga tushe. Ƙa'idarmu tana ciki: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh da ts kowanne harafi guda. Wani ya rubuta, wani ya duba, wani ya gyara, tamkar gayyar noma.

Na ji kunya. Shekara goma ina ƙorafi kan haruffanmu a rubuce-rubucena, ban taɓa aika gyara ko ɗaya ba. Jiya na nemi shiga cikin masu duba bayanan Hausa na Unicode.